Anti, ina da bakin magana kan irin zaman da za a yi da ni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce a Kaduna, shekarata 29. Shekara uku ke nan ina jin muryar wani namiji yana zagina, musamman da daddare in na rufe keken ɗinki gida ya yi tsit. An yi mini ruƙiyya, daga baya aka kai ni asibiti. Magani ya rage ta amma ba ta tafi ba. Yanzu likita ya ce a haɗa da zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam. Ni dai ba na son a zaunar da ni cikin taro, kuma ba na son a tono abin da ya wuce. In na faɗi haka, ba za a ce na raina likita ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki faɗa, babu raini a ciki. Wannan magani da hira ake yin sa, in kuwa zaman bai kwanta miki ba, sau biyu za ki je ki ɗauke ƙafa, kowa ya yi asara.

Hanyar da aka fi sani ita ce CBT, wato zaman hira da ake duba yadda tunani ke shafar abin da mutum ke ji da abin da yake yi. Ba a yi miki alkawarin muryar za ta ɓace. Abin da ake dubawa shi ne abin da kika yarda da shi game da ita: wai ta san komai, wai in kin ƙi ta wani abu zai same ki. A hankali ku gwada ku gani ko gaskiya take faɗa, ki kuma koyi abin da za ki yi a lokacin nan na dare da kika ambata. A Ingila hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin jinya, ta ba da shawarar zama aƙalla 16, ke da mai duba ki kawai. Ana iya tsayawa kan yau, a bar jiya sai ranar da kika shirya.

Zaman taro kuwa yana da tarihinsa. A 1987 wani likita ɗan ƙasar Holan, Marius Romme, ya fito a talabijin da wata majinyaciyarsa, sai ɗaruruwan mutane suka kira suna cewa su ma suna jin muryoyi, wasunsu ma suna harkokinsu lafiya lau. Daga nan ƙungiyoyin masu jin murya suka bazu. Wasu na samun sauƙi sosai da jin cewa ba su kaɗai ba ne. Amma a garin da kowa ya san kowa, inda magana ɗaya kan ɓata wa mace batun aure ko ta kori masu kawo ɗinki, tsoronki na da dalili, kuma ni ba zan matsa miki ba.

Kafin ranar zaman, ki rubuta abin da kike so a takarda. Mace za ta duba ki ko namiji? Da Hausa? Mama za ta shigo ko ta jira a waje? Wanda ya fi muhimmanci a wurina: me kike son ya dawo miki? 'Yan'uwa kan ce a kori muryar kawai, amma ke wataƙila barci kike nema, ko ki idar da sallah cikin natsuwa, ko ki gama ɗinkin Sallah ba tare da hannu na rawa ba. Masanan nan sun yi ƙaranci a ƙasarmu, ba lallai ki samu duka ba, amma wanda bai ji buƙatarki ba ba zai san ta inda zai fara ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ita ma ta ce a nemi yardar majinyaci.

Addu'a da azkar ki ci gaba da su, maganinki ma kar ki ajiye ba da sanin likita ba. In kuwa muryar ta fara umartarki ki cutar da kanki ko wani, kar ki jira ranar zama. Ki gaya wa Mama, a kai ki asibiti a ranar, ko inda ake duba ki ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa.