Amsa: Tsohon babur Yamaha na mahaifinka, DT125 ne ko DT175?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba. Ka ce sitikar tankin ta goge, kuma masu sifiya a Bauchi kowa da abin da yake faɗa maka.

Rabu da tanki, ana canza shi. Duba wuyan firam, ƙarƙashin kan babur, akwai lamba a buge. Wata kuma tana jikin inji; su ne za su taimaka a gane samfurin babur ɗin. Goge su da kananzir da burushi, kada ka sa sanfefa, lambar za ta tafi. In ka ga shokazoba ɗaya ce ta shige ƙarƙashin tanki, to daga wajen 1978 zuwa sama ne. Na kafin nan biyu gare su a baya.

Amma abin da zai raba gardama shi ne bakanike ya buɗe silinda ya auna: faɗin fistin ɗin DT125 milimita 56 ne, na DT175 kuwa 66. In an taɓa yi masa borin, wato an faɗaɗa ramin silindar, zai ɗan haura haka.

Kafin ka buga masa kik, don Allah a duba famfon Autolube, wanda ke tura baƙin mai cikin inji. Injin tu-sitirok ne, in baƙin mai bai isa fistin ba, nan take zai kama. Ni dai da nawa ne, zan zuba man tu-sitirok a cikin fetur ɗin farko.