Ku Tambaya Mu Amsa: Kunya Ta Hana Ni Fita Motsa Jiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan shekara 16 ne daga Tudun Wada Kaduna, ina da ƙiba, duk ranar da aka fita ƙwallo a filin unguwarmu ni ne na ƙarshen ɗauka, in an ɗauke ni ma sai a ce in tsaya gola, da na ɗan yi gudu na fara haki sai a yi ta dariya. Yanzu na fi wata shida ban taka fili ba, kullum ina kan waya. Anya jikina zai iya kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi saƙonka ya taɓa ni, don na sha ganin yaro a gefen fili yana gadin silifas ɗin abokansa har a kira magariba, yana son shiga amma tsoron dariya ya hana shi.

Hakin nan kar ya karya maka gwiwa. Duk wanda ya yi wata shida a zaune sai ya yi haki, ko siriri ne kamar kara, zuciya da huhu saba musu ake yi a hankali. Kuma ba kai kaɗai ba ne, binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna sama da kashi 80 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa motsa jiki yadda ya kamata, ita kuwa minti 60 a kullum take so ga sa'o'inka, amma ba dole ka yi su a tashi ɗaya ba.

Ni dai shawarata kar ka zauna jiran ranar da za ka ji ka iya, fita za ka yi tukuna. Ka ajiye ƙwallon yanzu, da an idar da Asuba ka ɗaura takalmi ka yi tafiya da sauri ta minti 15, lokacin layi ba kowa sai mai shayi yana hura wuta, saurin da za ka iya magana amma numfashinka ya ɗan ɗaga. Kullum ka rubuta a bayan littafinka, bayan sati biyu ka ƙara minti biyar, ranar da ka duba ka ga 15 ta zama 30 da kanka za ka yarda da jikinka. Keke ma motsa jiki ne, haka ɗibar ruwa. Ranar Asabar ka ja aboki ɗaya wanda ba ya zolaya ku je Dandalin Murtala da safe, za ka tarar da iyaye masu tumbi suna zagaye suna gumi, ba mai kallon wani.

Amma don Allah in kana da sikila ko asma, ko ka ji ƙirji na ciwo ko jiri, ka tsaya, ka gaya wa Mama ku ga likita kafin ka ci gaba. Bayan wata ɗaya ka turo min abin da ka rubuta a littafin, ina jira.