Siririn rubutu mai kama da na hannu: ya dace da tambarin kasuwanci?

Tambaya: Ina sarrafa sabulu da man shafawa, kuma mai zane ya kawo mini tambari da wani siririn rubutu mai lanƙwasa, kamar wanda aka yi da alƙalami. Ya burge ni ƙwarai, har ina son a yi amfani da shi a sitika da kwali da allon shago. Shin in ba da umarni a buga?

Amsa: Malama, zaɓinki yana da tushe, domin irin wannan rubutu yana isar wa mai saye saƙon tsabta da kulawa tun kafin ya buɗe kwalba, abin da masu kayan kwalliya da turare suka daɗe da ganewa. Sai dai ina ba ki shawara ki dakata da bugawa har sai kin tantance inda zai zauna da inda bai kamata ya shiga ba.

Asalin wannan salo rubutun magatakarda ne na Ingila da ya shahara a ƙarni na 18, wanda ake yi da alƙalami mai tsinin baki, ta yadda layi ke yin kauri idan hannu ya sauko, ya sirance kamar gashi idan ya hau. Wannan bambanci shi ne kyawunsa, kuma daga nan rauninsa yake fitowa. A fuskar kwamfutar mai zane, inda aka faɗaɗa shi, komai yana fita sarai. Amma idan aka ƙanƙance shi a kan sitikar ƙaramar kwalba, siraran layukan sukan tsinke, musamman idan farin rubutu ne a kan launi mai duhu, saboda tawada tana ɗan bazuwa ta cinye su. Masu ɗab'i da yawa sukan yi gargaɗi a kan layin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na poyin ba, shi kuwa poyin kashi ɗaya ne cikin 72 na inci. Haka matsalar take a ɗinkin tambari a kan riga da yankan leda ta manna wa gilashi.

Ki dubi tambarin Coca-Cola, wanda akawun kamfanin, Frank Robinson, ya tsara a salon rubutun hannu na wani malamin rubutu mai suna Spencer, salon da ya shahara a Amurka a ƙarni na 19, aka kuma yi masa rajista a 1893. Haruffansa suna da kauri, kuma sunan kaɗai aka rubuta da salon. Sauran bayanan da ke jikin kwalbar duk da haruffa miƙaƙƙu ake buga su.

Wannan ita ce ƙa'idar da nake so ki riƙe. Ki keɓe siririn rubutun ga sunan kayanki, ko ga katin godiya da kike sanyawa cikin kwali. Jerin sinadarai, yadda ake amfani da kayan, ranar lalacewa da lambar waya su kasance da haruffa masu sauƙin karantawa, domin lambar da aka kasa bambance 1 da 7 a cikinta ciniki ne ya wuce ki. Kada a rubuta sunan da manyan baƙaƙe zalla, kuma kada a buɗa tazara tsakanin haruffan, tunda an ƙirƙire su ne su riƙe juna. Game da allon shago kuwa, wanda ke wucewa a mota ba shi da lokacin warware lanƙwasa, saboda haka ki nemi mai zane ya yi miki nau'i na biyu mai kauri.

Akwai kuma batun lasisi, wanda 'yan kasuwa suka fi sakaci da shi. Da yawa daga cikin salon haruffan da ake saukewa kyauta daga intanet an halatta su ne don amfanin kai kawai, kuma sanya su a kayan sayarwa ba tare da biya ba keta haƙƙin mai su ne. Ki tambayi mai zanen sunan salon da shaidar lasisinsa a rubuce. Idan ba kya son ƙarin kashe kuɗi, shafin Google Fonts na haruffa kyauta yana da irin su Great Vibes da Allura da Pinyon Script, waɗanda lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da su. Illarsu ita ce kowa yana iya ɗauka, don haka yana da kyau a gyara harafin farko ko jelar na ƙarshe da hannu, yadda tambarin zai zama naki. Idan sunan yana ɗauke da ƙ ko ɗ ko ɓ, ki tabbatar salon yana da su, domin da yawa ba su da su.

Kafin ki biya kuɗin bugu mai yawa, ki sa a buga samfuri kaɗan a ainihin girmansu da ainihin takardar, ki manna a kwalba, ki miƙa wa wanda bai taɓa jin sunan ba ya karanta daga nisan taku biyu. Idan ya yi tuntuɓe, a ƙara wa layukan kauri kafin a kai maɗaba'a.