Amsar Baffa: Hukuncin Zauren Mai Unguwa Doka Ne?

Assalamu alaikum, ɗana. Ina fata kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai.

Saƙonka ya iso. Ka ce malaminku a jami'a ya koya muku cewa doka ita ce abin da hukuma ta rubuta, ta kuma tanadi horo ga wanda ya saɓa. Sai ka tuna da abin da ka gani da kakar bara, lokacin da shanu suka faɗa gonar wakenmu: ba mu kai ƙara wurin 'yan sanda ba, zauren mai unguwa muka je, ardo ya zo, aka ƙiyasta ɓarna, aka biya, muka mayar wa mai shanun da wani abu daga ciki. Kana tambaya ko wannan doka ce ko kuwa al'ada ce kawai, in kuma doka ce, wa ya kafa ta.

Doka ce, ɗana. Tun kafin saniyar ta ɗaga ƙafa, mai gona da mai shanu duk sun san abin da zai biyo baya in ta shiga. Sun san gaban wanda za a je, sun san yadda ake awo, sun kuma san cewa wanda ya ƙi hukuncin ba zai ƙara jin daɗin zama a ƙasar ba: ba mai ba shi masauki a gona da rani, ba mai sayen nonon matarsa da sakin fuska, in manomi ne kuma ba mai tsaya masa ran da nasa akuyoyin suka yi ɓarna. Malaminku bai yi ƙarya ba, dokar gwamnati yake nufi, ita ce kuma za ka yi aiki da ita a kotu. Amma mutane sun daɗe suna zaune da ƙa'ida kafin a kafa majalisa.

Wannan hukuncin kuwa yana da asali mai nisa. Ka buɗe Suratul Anbiya, aya ta 78 da ta 79, za ka tarar da Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare su, suna hukunci a kan gonar da tumakin wasu mutane suka shiga da dare. A Madina ma an yi: taguwar Bara'u ɗan Azibu ta shiga lambun wani mutum ta yi ɓarna, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron lambu da rana yana kan masu shi, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma biyansa yana kan masu dabbobin. Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa, daga nan ya gangaro cikin Risala da Muhtasar, littattafan da alƙalanmu suka yi ta shari'a da su. Malaman Malikiyya sun ƙara bayani: in da makiyayi tare da dabbobin da rana, ko an sake su kusa da gonaki, to uzurin rana ya faɗi.

Akwai wata magana a Muhtasar da nake so ka riƙe. Idan shukar da aka cinye ba ta nuna ba, ya za a yi a san kuɗinta? Aka ce a kimanta ta a kan fata da tsoro. Wato ba za a biya manomi kamar ya riga ya kai amfanin rumbu ba, don wataƙila fari ko fara ko tsutsa su riga shi. Ba kuma za a ce ai ganye ne kawai ba, don da Allah ya raya shi abincin shekara ne. A tsakani za a tsaya. Mutanen da suka san noma a ƙasar da ruwa ke iya ɗaukewa ana tsaka da bunƙasa ne kaɗai za su rubuta irin wannan.

Mu kuma da abin ya zo hannunmu sai muka ɗaure shi da igiyar ƙasarmu. A nan gonaki manne suke da gari, babu fili tsakani. Shi ya sa da an yi ruwan shuka mai shela ke zagawa yana cewa kowa ya ɗaure dabbarsa, daga ranar kuma akuyar da aka kama a gona, da rana ne ko da dare, gidan mai unguwa za a kai ta, sai mai ita ya zo ya fanshe ta. Garke kuma yana da burtalinsa da mashayarsa, manomi bai isa ya kafa garma a ciki ba. In kaka ta yi, aka kwashe dammuna, aka ɗaure harawa aka ɗora a bishiya, sai a saki gonaki. A da manomi ne ma ke roƙon Bafillace ya zo ya yi masa zaman rani a gona, shanu su ci kara su bar taki, har ya haɗa masa da damin gero. Kowa na da buƙata a hannun ɗan'uwansa, dokar kuma a kan wannan buƙatar aka gina ta.

Ka ga awon da aka yi ranar, amma kana can gefe, bari in gaya maka abin da ake dubawa. Sarkin noma ya shiga gaba, mutumin ardo yana biye, kowa da sandarsa. Suka fara daga inda sawu ya keta shinge, don a san ko kutsawa shanun suka yi ko kora su aka yi ciki. Sawun yaro a bayan na shanu ba ƙaramar shaida ba ce. Suka taɓa kashin shanun da tsinke don a gane na dare ne ko na hantsi. Sannan suka bi kunyoyi suna ƙirgawa, suna ware inda aka cinye har saiwa da inda aka tattake kawai, don waken da aka tattake yakan farfaɗo. Sarkin noma ya faɗi tiyoyin da yake ganin wurin zai bayar, mutumin ardo ya ce a rage, an yi ƙarancin ruwa a ƙarshen damina, gonar maƙwabci ma ba ta ba da haka ba. Aka tsaya a tsakani. Da wuya in akwai wanda ya karanta Muhtasar a cikinsu, amma fata da tsoron nan ne suka auna.

Abin da muka mayar masa shi ne ya fi ɗaure maka kai, na sani. Ba tilas ba ne, kuma ba wanda zai zarge mu da mun riƙe duka. Sai dai biyan ya riga ya yi aikinsa tun da mutumin ya miƙo kuɗin gaban jama'a: ya amsa laifi, an tabbatar gona tana da alfarma. Abin da ya rage shi ne zaman gobe. Rijiya ɗaya muke sha da su, kasuwa ɗaya muke ci, yaransa za su bi ta bakin gonar nan baɗi. Allah Ya ce sulhu alheri ne. Mutanenmu sun ɗauki ɗorewar maƙwabtaka da nauyi fiye da cika aljihu, shi ya sa hukuncinsu ya bar ƙofar rangwame a buɗe.

In kana son ka ga yadda doka ke bin abin da mutane suka ɗauka da muhimmanci, bi saniyar nan ka tsallaka iyaka da ita. A Nijar an kafa dokar ƙasar noma da kiwo a 1993, a 2010 kuma aka ƙara wata ta musamman a kan kiwo, wadda ta ce yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. Can hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki kowace shekara, a sanar a rediyo, rigimar manomi da makiyayi kuma sai ta bi ta hannun sarakuna don sulhu kafin ta kai gaban alƙali. Ka ga sun ɗauki al'adar nan tamu sun sa mata hatimi. Ka gangara Binuwai, a 2017 majalisarsu ta haramta kiwon sake gaba ɗaya, ta ce mai dabba ya killace ta. Ƙasar doya ce, ƙasar da noma ke cin kusan duk shekara, an kuma zubar da jini mai yawa kafin a kai ga haka. Ko ka yarda da dokar ko ba ka yarda ba, in ka karanta ta za ka san abin da mutanen wurin ke tsoro da abin da suke son karewa. Haka kundin hukunta laifuffuka na Penal Code da aka fara aiki da shi a Arewa a 1960: daga na Sudan aka ɗauko tsarinsa, amma an bar zina da shan giya ga Musulmi a cikin laifuffuka, alhali kundin Kudu bai ɗauki zina laifin da hukuma ke hukuntawa ba.

Kada ka ɗauka ina cewa duk abin da ya fito daga zaure daidai ne. Gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, aka ware sama da 400, amma waɗanda aka tabbatar a gazet, wato mujallar sanarwar gwamnati, ba su kai rabi ba, sauran kuwa gonaki da gidaje sun cinye da yawansu. Su wa suka sayar? A wurare da dama masu riƙe da al'adar ne da kansu, dagatai da masu unguwanni, tare da ma'aikatan ƙananan hukumomi. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun sarakuna, a 1978 kuma dokar mallakar ƙasa ta mayar da filaye hannun gwamnoni. Takin zamani ya zo, manomi ya daina jiran taki daga ruga. Kara da harawa suka zama kuɗi, ya kwashe abinsa ya kai kasuwa. Noman rani ya mamaye fadamun da shanu ke sha. Buƙatar da ta haɗa mutanen biyu ta yi rauni, hukuncin da ke kanta ma ya yi rauni. Aka wayi gari ana ƙiyasta ɓarnar buhu guda a kuɗin sa, don an ga Bafillace ba shi da mai tsaya masa, wani makiyayin kuma ya tura garke cikin gero da gangan tsakar dare ya gudu kafin asuba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Abin da ya faru a Zamfara da Katsina da Sakkwato yana da dalilai da yawa, amma duk dattijon da ka tambaya a can zai ambaci ranar da mutane suka daina yarda za a yi musu adalci, a zaure ko a kotu. Abin yana ci mini rai ƙwarai, don na san lokacin da ba haka ake ba.

Saboda haka al'adar da ta zama hanyar cin dukiyar mai rauni ba ta da wata alfarma a wurina. Malamai sun ce ana hukunci da al'ada, amma da sharaɗin kada ta saɓa wa shari'a, zalunci kuwa ya saɓa mata ko da kakanni ne suka gadar. Kotunanku ma suna da irin wannan ma'auni, ba sa karɓar al'adar da ta ci karo da adalci ko rubutacciyar doka. Za ku zo wurin a karatu in ba ku riga kun zo ba.

A nan ne nake ganin amfanin irinku. Burtalin da ya bi ta gabashin garinmu har yanzu a kan dattawa yake, su suka san daga wace tsamiya ya fara, a wace marke ya karkata, kuma kullum raguwa suke yi. Mai unguwa da ardo sun yi magana a kan a auna shi, a kafa duwatsu, a rubuta, kowane ɓangare ya sa hannu, a kai kwafi ƙaramar hukuma da fadar hakimi kafin ruwan shuka. Suna neman wanda ya iya tsara takarda yadda kotu za ta karɓe ta in wata rana an yi musu. Na ce musu kana nan tafe da hutu. Ka nemo mana dokar 1965 ɗin, ka kuma tambayi malaminku wace hukuma ce ke da ikon tabbatar da irin wannan yarjejeniya a jiharmu.

Ka gaishe da abokan karatunka. Innarka tana gaishe ka.

Baffanka.