Hannu na sagewa: wace lamba zan sa a fom?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina aikin ɗakin kati a wata ƙaramar cibiyar lafiya a yankin Gumel. Mata na yawan zuwa da kukan hannu na sagewa, mai dubawa sai ya rubuta "sanyi" kawai. Na rasa lambar da zan sa a fom ɗin inshora, ina tsoron a dawo mana da shi. Wani ya ce in riƙa sa ta maleriya a wuce wurin.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kuskura ka sa maleriya. Muddin ba a gano musabbabi ba, lambar alama ake sawa, kuma ICD-10, kundin lambobin cututtuka na duniya, ya tanade ta: R20.0 in fata ba ta ji sam, R20.1 in jin ya ragu, R20.2 in kamar ana tsira allura ne. Sai an tabbatar jijiyar tsakiya ce ta matse a wuyan hannu sannan a koma G56.0. Ta wajen ƙaramin yatsa G56.2 ce, ta ciwon suga nau'i na 2 kuwa E11.4.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne "sanyin" nan. Kullum sai na gan shi a kati. Mace ta wuni daka da sussuka, dare ya yi babban yatsa da manuni da na tsakiya su mutu, ta farka tana yarfe hannu: sanyi. Dattijo ya ɗauki butar shayi ta ƙone shi bai ji ba, ga farin tabo a damtse: sanyi. A tura shi kemis a yi masa allurar bitamin, wanzami ya ɗora da ƙaho, shekara ta zagayo yatsu sun fara lanƙwashewa. Ciwon dattijon nan kuturta ce fa, A30, maganinta kyauta ne, wata 6 ko 12, kuma kowace ƙaramar hukuma na da jami'in tarin fuka da kuturta. Wa zai tura masa mai "sanyi"? Wanda kuma hannunsa ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta sarƙe, wannan shanyewar ɓarin jiki ake zargi. Mota za a nema zuwa babban asibiti a take, fom ya jira.

Kai ba aikinka ba ne gano cuta, don haka mayar da katin ga mai dubawa, cikin ladabi. Ya rubuta wane hannu, waɗanne yatsu, tun yaushe, a hankali ko kwatsam. Tana da juna biyu? Tana shan maganin tarin fuka? Isoniazid da ke cikinsa na taɓa jijiyoyi. An auna suga da hawan jini? An goga auduga a tabon, ido a rufe? In ya ce layin marasa lafiya ya yi yawa, nuna masa layi uku ne kacal a kati.