Fitilar sola a gona da garke: amsoshin tambayoyinku

A wannan makon tambayoyin waya da kwamfuta za su ɗan jira, domin saƙonnin da suka taru a kan fitilun tsakar gida da na gona sun yi yawa. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Malam, na sayi fitilar sola mai rimot, an rubuta wat 300 a jikin kwalinta, na kafa a garken shanuna. Da magariba tana haske fes, amma kafin ƙarfe ɗayan dare ta dushe, da asuba kuwa babu ita. An cuce ni ne? (Wani makiyayi daga yankin Ringim)

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Kafin mu ce an cuce ka, bari mu yi lissafi.

Yawancin irin waɗannan fitilu batirin cikinsu mai bolt 3.2 ne. Mu ɗauka naka yana da ƙarfin mAh 10,000, wato Ah 10. Idan ka ninka 3.2 sau 10 za ka samu 32. Ma'anarsa batirin zai iya ba da wat 32 na tsawon awa ɗaya, daga nan ya ƙare. Da a ce fitilar tana shan wat 300 da gaske, cikin minti 6 zuwa 7 za ta shanye shi tas. Daren ƙasarmu kuma yana kaiwa kusan awa 12. Kenan idan ana so ta kai asuba, abin da za ta riƙa ci bai kai wat 3 ba. To ina wat 300? Lamba ce kawai da aka buga a kwali don ta ja ido, kuma kusan duk kasuwar haka take, daga Sabon Gari har Alaba ta Legas.

Saboda haka ni ba na kallon lambar kwali. Abu biyu nake dubawa: girman farantin da ke zuƙar rana, da nauyin batir. Ka juya farantin, a bayansa akwai takarda mai nuna wat ɗinsa na gaskiya. A arewa ana samun rana mai ƙarfi ta kusan awa 5 zuwa 6 a wuni, don haka faranti mai wat 10 zai tara kusan wat 50 na tsawon awa ɗaya a lissafi, a aikace kuma ƙasa da haka, saboda zafi da ƙura suna cin nasu. Fitila ba ta iya bayar da abin da ya wuce wanda ta tara da rana. Idan ka ga faranti bai fi tafin hannu biyu ba an ce zai haska garke har safe, ka ajiye ka ƙara gaba. Ka kuma ɗaga kan fitilar ka ji nauyinta. Batir mai kyau yana da nauyi, wadda ka ji shakwal to cikinta iska ce.

Wadda ka riga ka saya kuma ba sai ka yar ba. A rimot ɗin akwai maɓallin rage haske, akwai kuma na awa 3 ko 5 ko 8. Ka mayar da ita rabin haske tun daga magariba. Idan tana da na'urar jin motsi, ka sa ta a nan: ta zauna a dushe, sai mutum ko dabba ta gifta ta haska gaba ɗaya. Ga garke ma wannan ya fi amfani, domin hasken da ya tashi kwatsam shi ke farkar da mai gadi, kuma shi ɓarawo ya fi tsoro.

Tambaya: Fitilar ƙofar gidanmu ta yi shekara biyu tana aiki, yanzu ta mutu ɗungum. Mai gyara ya ce in sayi sabuwa. (Wata uwargida daga Dutsin-Ma)

Amsa: Hajiya, kada ki yi saurin fitar da kuɗi. Ƙwayoyin hasken LED ba kasafai suke mutuwa cikin shekara biyu ba. Abin da ke mutuwa batir ne, ko kuma waya ta tsinke.

Ki fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Ki sa yaro ya hau ya duba farantin. Bayan hunturu za ki tarar ƙura ta yi masa lulluɓi, ga kashin tsuntsaye ya bushe a kai, har yaro zai iya rubuta sunansa da yatsa. A goge da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. A duba ko reshen darbejiya ya girma ya yi masa inuwa, domin inuwa a gefe ɗaya kawai tana iya rage cajin sosai. Sannan a kashe fitilar da rimot a bar ta ta sha rana kwana biyu ba tare da ta kunna ba.

Ga gwaji mai sauƙi. Farantin shi ne idon fitilar, da shi take gane dare ya yi. Da rana tsaka a rufe shi ruf da bargo ko kwali, ko a zare wayarsa. Idan ta kama, ƙwayoyin haske da ƙwaƙwalwarta lafiya lau suke. Wannan ne ma dalilin da ya sa wata fitilar ke ƙin kamawa da dare idan maƙwabci ya kafa tasa tana haska farantinki: tana ɗauka gari bai yi duhu ba.

In duk an yi haka shiru, mai gyara ya buɗe ya sa mitar auna wuta a kan batirin. Mai bolt 3.2 idan yana da lafiya zai nuna 3.2 zuwa sama kaɗan bayan caji. Idan ya sha rana wuni guda yana nuna ƙasa da 2.5, ko ya kumbura, ya gama aiki. Amma a kula da wani kuskure da masu gyara ke yawan yi. Batiran nan iri biyu ne. Akwai mai 3.2 da ake rubuta LiFePO4 a jikinsa, akwai mai 3.7 irin na tocila da na cikin laftof. Cajinsu ba ɗaya ba ne, na farko yana cika a 3.65, na biyu a 4.2. Idan aka musanya, ko dai batirin ba zai taɓa cika ba, ko a yi masa cajin da ya wuce kima ya lalace. Irin wanda aka cire shi za a mayar. Da an rufe kuma a tabbatar robar bakin murfin ta zauna daidai, in ba haka ba ruwan farko na damina zai shiga.

Tambaya: Ina da batir babba da faranti a gidan gona. Na ja waya zuwa rumbu, nisan kamar mita 30, amma ƙwan yana ja-ja kamar aci-bal-bal. Na kusa da ɗaki kuwa lafiya. (Wani manomi daga Funtuwa)

Amsa: Wayarka ce ta yi siriri, Malam. Wutar bolt 12 ba ta son tafiya mai nisa. Ƙwai mai wat 20 a kan waya mai kaurin 1.5mm², a nisan mita 30 (wato mita 60 zuwa da dawowa), zai rasa fiye da bolt 1 a hanya. Da waya mai kaurin 4mm² asarar ba ta kai rabin bolt ba. Wannan ma idan tagulla ce ta gaskiya. Akwai wayar da ake yi da alminiyom a shafa mata ruwan tagulla. Ka kankare ta da wuƙa, in ka ga fari a ciki to ita ce, kuma asararta ta fi haka.

Ka kwatanta kuɗin waya mai kauri da na fitilar sola mai zaman kanta da za ka kafa a jikin rumbun. Sau da yawa ta biyun ta fi araha, ga shi babu wayar da ɓera zai ci ko garma ta tsinka. In dole sai wayar, a zura ta cikin bututun roba a binne.

Tambaya: Zan sa sabbin fitilu a gidan da na gina a ƙauye. Me zan duba, kuma ina zan kafa? (Wani ma'aikaci mazaunin Kaduna)

Amsa: Ƙananan fitilu uku ko huɗu sun fi babba guda. A sa a ƙofar gida, da hanyar banɗaki, da wajen dabbobi, da bakin rijiya. Babba guda tana kashe ido, bayanta kuma duhu ne ƙirin, in ta lalace gida duka ya shiga duhu.

Ka nemi wadda farantinta yake daban da kan fitila, da waya a tsakani. Hakan zai ba ka damar sa fitilar a ƙarƙashin rumfa, farantin a kan rufi. Zafin bazara yana rage wa batir kwana, inuwa tana taimakonsa. Farantin ya fuskanci kudu, a ɗan karkace kamar digiri 10 zuwa 15, yadda ruwan sama zai riƙa wanke shi. A jikin kwali ka nemi IP65: lambar farko tana nufin ƙura ba ta shiga, ta biyu tana nufin tana jure feshin ruwa. In an rubuta lumen, shi ne ma'aunin haske na gaskiya. Tsohon ƙwan nan mai wat 100 da muka sani yana ba da kusan lumen 1,600, sai ka kwatanta da shi.

Launin haske ma abin dubawa ne. Fari tas mai 6500K ya fi tara ƙwari a kan mai ɗan rawaya na 3000K. Da damina ƙwari na jawo kwaɗi, kwaɗi na jawo maciji. Don haka inda iyali ke shimfiɗa tabarma a sa mai rawaya, farar a kai ta can bakin katanga.

Turke kuma ƙarfe ya fi, domin gara ba ta barin itace. Tsawon mita 3 zuwa 4 ya isa gida, a sunkuyar da kan fitilar ƙasa kada ta haska tsakar gidan maƙwabta. Bayan an ɗaure notuna, mai walda ya ɗan ɗiga musu wuta yadda sifana ba za ta kwance su ba, amma ya bar murfin batir yadda za a iya buɗewa ran da za a canza shi.