Amsa ga 'yar'uwar da ke fargabar zuwa garin miji wannan Kirsimeti

Sannu 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, cewa maigida ya dage sai kun je gida Kirsimeti, ke kuma duk shekara da hawaye kike dawowa saboda gorin haihuwa. Sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar ni ce na rubuta. Shekarata goma sha ɗaya da aure, har yau muna jiran Ubangiji.

Kirsimetin 2019 ba zai fita daga raina ba. Mun taso daga Kaduna ran 24 ga wata, muka bi ta Kachia, ba mu isa ƙauyen su maigidana da ke wajen Zonkwa ba sai da yamma liƙis. Adashina na kwashe gaba ɗaya na saya wa Mama turmin atamfa, ga rabin buhun shinkafa, ga mai, kwana biyu ina kan suyar cincin har bayana ya riƙe. Washegari an taso daga sujada, gida ya cika, har da matan zumunta da suka biyo gaida Mama. Ina durƙushe ina raba nama a kwanuka, sai yayar maigidana ta ɗaga atamfar nan sama ta ce, "Mama, ga jikan bana an kawo miki, sai ki goya." Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi. Facalata ta sunkuyar da kai. Maigidana kuwa yana zaune a bakin ƙofa da faranti a cinya, ya ji sarai, bai ce uffan ba.

Matar nan fa, lokacin da aka yi mata aiki ni na kwana da ita sati biyu a asibiti, ni ke yi mata wanki, ni ke ba ta kunu a baki. 'Ya'yanta biyu a gidana suka yi sakandare. Na shige bayan rumbu cikin sanyin hunturu na yi kuka har muryata ta dushe, ina jiyo yara suna ta waƙa a tsakar gida. Har yau in na ga atamfa mai irin launin nan sai gabana ya faɗi. Ta ba ni haƙuri? Ko kusa. Da safe ma cewa ta yi wasa ne, ni ce ban san wasa ba.

To, ni ba zan ce miki kada ki je ba. Na gwada a 2020, na zauna ni kaɗai, ya fi zuwan ciwo, kuma aka ce na raba ɗa da uwarsa. Amma tun kafin ku shiga mota ki zaunar da maigida. Ba a gaban kowa ba, ba kuma kina cikin fushi ba. Ki faɗa masa kalmar da aka faɗa, yadda aka faɗe ta. Danginsa ne, shi zai tsawata, ba ke ba. Nawa sai da na kai maganar gaban matar pasto kafin ya gane shirunsa ya fi bakin yayarsa yi mini zafi.

Ki rage kwanaki kuma. Mu yanzu 24 muke zuwa, 26 mu juyo. Da can har sabuwar shekara muke kaiwa don mu leƙa bikin Afan na Kagoro ran 1 ga Janairu, to a kwana na huɗu ne baki ke buɗewa. Kuɗin motar dawowa ki ƙulle su a jikinki. Kuma don Allah kada ki ci bashi saboda tsaraba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai ya ishi mutum, kuma wadda ba ta ƙaunarki ko saniya kika kai sai ta ce ramammiya ce. Ku yi tafiyar da rana, kada dare ya same ku a hanya.

Abin da ya riƙe ni shi ne 1 Sama'ila sura ta 1. Feninna ma ai lokacin tafiya Shilo yin sujada take tsokanar kishiyarta Hannatu saboda rashin haihuwa, kowace shekara, har ta kasa cin abinci. Ashe tun can lokacin biki ne ake taɓa gyambon. Ina karanta wurin daren da za mu tafi.

Ki nemi aikin da zai fitar da ke daga tsakar gida. Ni nake karɓar rabon abinci, in tara yara mu kai wa tsofaffi da maƙwabtanmu Musulmi. Akwai wata tsohuwar Bafulatana da duk shekara take riƙe hannuna ta sa mini albarka, ta cika mini kwanon da nono, ba ta taɓa tambayata ina goyo ba. Ita nake ɗokin gani.

Ita kuma yayar, ina gaishe ta, in zuba mata abinci da hannuna. Bara har ta ce miyata ta yi daɗi. Na ce na gode Yaya, na tashi na koma madafa, don hannuna ya fara rawa.